Giyar Ƙarshen Shekara a Ƙasashen Sanyi: Inda Ƙarfinta Yake Fitowa da Yadda Ake Ɓoye Shi

Duk wanda watan Disamba ya taɓa riska a Burasel, babban birnin Beljiyam, ya san yadda gari ke sauya fuska. Kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, sanyi na ratsa ƙashi, kowa ya dunƙule cikin riga mai kauri yana sauri. Ka shiga kanti, a ɓangaren abin sha za ka tarar an matsar da ƙananan kwalaben yau da kullum gefe, an jera wasu manya da aka toshe bakinsu da ɓawon itace aka ɗaure da waya, a jikin takardarsu hoton tauraro ko ƙararrawa ko gida lulluɓe da ƙanƙara. Can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙen da sai ka kai ido kusa, akwai lamba: 9, 10, wata 12. Lambar nan ita ce kason barasa cikin 100. Giyar da aka saba sha a yawancin duniya tana tsakanin 4 da 5 ne.

Ni ba na sha. Na kuma san akasarin masu karanta wannan ba sa sha, addini ya hana, ban kuma zo in sassauta wa kowa hukunci ba. Amma Hausa harshen jama'a da yawa ne. Akwai Kiristocin Jos da Kafancan da Zuru, akwai yaranmu da ke karatu a Turai ana gayyatarsu cin abincin ƙarshen shekara, akwai ma'aikatan jinya da ke karɓar waɗanda abin ya kayar a daren sabuwar shekara. Ni kuma aikina ya shafi sarrafa hatsi, duk abin da ake yi da tsaba yana jan hankalina. A bakinmu giya giya ce, kalma ɗaya ta rufe komai. Wannan kalma ɗaya kuwa tana ɓoye tazara mai nisa, don kwalba biyu masu girma ɗaya za su iya bambanta ninki biyu ko uku a abin da suke yi wa jikin mutum. Kuma gwanintar da ake yabon masu dafa giyar hunturu da ita, ita ce iya ɓoye wannan tazarar.

Abin daga tsaba yake farawa. Ina yaro a wata unguwa a gefen Jos muna da maƙwabciya mai dafa burukutu. Mahaifiyata ta hana ni zuwa kusa da tukwanenta, amma takan aike ni in sayo tsiro don kunun zaƙi. Na sha ganin yadda take yi: ta jiƙa dawa a randa ta kwana, ta tsane ta, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu a ɗaki mai duhu, ta rufe da ganyen ayaba, safe da yamma tana yayyafa ruwa. Kwana uku zuwa huɗu sai ka ga kowace ƙwaya ta fito da farin zare, sun sarƙe da juna kamar tabarma. Wata rana ta tsinko 'yan ƙwayoyi ta miƙo mini, ta ce, "Tauna ka ji, ɗan nan." Na tauna, sai zaƙi. Na ce, "Mama, sukari kika zuba?" Ta ce, "A'a, dawar ce ta farka."

Har yau ban ji bayanin da ya fi wannan ba. Ƙwayar hatsi rumbu ce cike da sitaci da aka tanadar wa ɗan tsiro. Idan ta ji danshi ta ɗauka damina ta sauka, sai ta saki wasu sinadarai masu narkar da sitacin ya koma sukari. Mai giya yana barin aikin ya kankama, sannan ya tsayar da shi ta hanyar busarwa. Bature da sha'ir yake yi, mu da dawa ko gero, amma dabarar ɗaya ce. Sai a niƙa tsiron, a dama shi da ruwa mai zafin kimanin digiri 65, a bar shi kamar awa guda sinadaran su ƙarasa aiki, a tace. Ruwan zaƙin da ya fito a tafasa shi da furen wata ciyawa mai yaɗo da ake kira hops, wadda ke ba da ɗaci da ƙamshi tana kuma hana saurin lalacewa. In ya huce a zuba yis. Yis na cin sukari, yana fitar da barasa da iska, kusan rabi da rabi a nauyi. Shi ke nan lissafin: yawan sukarin da ke cikin ruwan tun farko shi ne iyakar ƙarfin da giyar za ta kai.

Ke nan in ana son mai ƙarfi sai a ƙara hatsi a rage ruwa. A baki da sauƙi, a aiki akwai wuya ta fuska biyu. Ta farko asara ce. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san tatar fari ce mai kauri, ta biyu ta fi tsinkewa, ta uku kusan ruwa ce. Mai son giya mai kashi 11 tatar fari kawai zai ɗauka, sauran zaƙin ya bar shi a dusa. Don haka ninka ƙarfi yana cin fiye da ninkin hatsi. Mutanen Ingila na da can ba sa yarda da asarar, sai su yi mai ƙarfi da tatar fari don maigida da baƙinsa, su yi 'yar sassauƙa da tata ta biyu da ta uku don ma'aikata da shan yau da kullum.

Wuya ta biyu yis ne, don abu ne mai rai. Ruwan da sukari ya yi wa yawa yana matse shi tun kafin ya fara aiki, barasar da yake fitarwa kuma guba ce gare shi. Yawancin yis ɗin giya kan galabaita idan an kai kashi 10 zuwa 12, ya kwanta ya bar aiki rabi, a samu abu mai danƙo kamar maɗi. In kuma tukunya ta ɗau zafi saboda tsananin aiki, sai ya fitar da wasu nau'o'in barasa masu warin fenti da ƙuna a maƙogwaro. Shi ya sa masu dafawa ke zuba yis mai yawa, su hura wa ruwan iska tun farko, su riƙa lura da zafi dare da rana, wasu ma ba sa ba shi sukarin gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan suke ƙara masa kamar mai jinyar da ake lallaɓawa ya ci abinci. Bayan duk wannan, sabuwar giya mai ƙarfi ba ta da daɗin sha ko a wurin masu shanta. Sai ta yi watanni a ajiye kaifinta ya kwanta.

A nan ta rabu da burukutu. Burukutu ana shansa yana kan tsima, ƙarfinsa bai cika wuce na giyar kwalba ba, kwana kaɗan kuma ya yi tsami ya lalace, don babu ciyawar nan mai ɗaci a ciki, zafin ƙasarmu kuma ba ya jira. Haka pito a Gana, haka bilbil a arewacin Kamaru. Giyar hunturun Turai an yi ta ne don ta jira, barasa mai yawa da ɗaci su ne gishirin da ke adana ta.

To me ya haɗa ta da ƙarshen shekara? Yanayi ne da kalandar manomi. Kafin injin sanyaya wuri, dafa giya a lokacin zafi caca ne, tana iya tsami a tukunya. A Bavariya ta Jamus har doka aka kafa a 1553 da ta hana dafawa daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Sai a shekarun 1870 Carl von Linde ya kawo injin sanyi, kuma gidajen giyar Munik ne suka fara amfani da shi. Kafin nan kaka ce lokacin aiki: an girbe sha'ir, an tsinke sabon hops, gari ya yi sanyi, rumbu a cike. Manyan gidajen karkarar Ingila sukan dafa mafi ƙarfin giyarsu a watan Oktoba su rufe a ganga, wata sai ta shekara, wata ta fi haka.

A arewacin Turai abin ya wuce al'ada ya zama farilla ta hukuma. Tsohuwar dokar Gulating ta ƙasar Norwe ta wajabta wa kowane manomi da matarsa su dafa giyar Kirsimeti, su sa mata albarka da roƙon shekara mai yabanya da zaman lafiya. Wanda bai yi ba ya biya tara ga bishop. Wanda ya yi shekara uku a jere bai yi ba, a ƙwace dukiyarsa a raba tsakanin sarki da bishop. Al'adar ta girmi Kiristanci a can, bukin tsakiyar hunturu ne na gargajiya da aka sauya wa riga. Ɗaga kofin da ake yi yau a daren 31 ga Disamba jikan wancan roƙon ne. Mutumin da ya ga rana ta kusa ɓacewa, abincinsa na watanni yana rumbu, shi ne ya ɗebi mafi kyawun hatsinsa ya narkar a tukunya ɗaya don ya nuna bai ji tsoron yunwa ba. Ko ban sha ba, na fahimci wannan zuciyar, don irinta ce ke sa talaka ya yanka babban rago.

Ingila ta ba duniya nau'i biyu da har yanzu su ne ginshiƙin wannan kasuwa. Ɗaya ana ce mata barley wine, wato ruwan inabin sha'ir, don ƙarfinta ya kai na ruwan inabi alhali babu ƙwayar inabi ko ɗaya a ciki. Kamfanin Bass da ke garin Burton ne ya yi suna da ita. A 1869 an dafa wata a can mai suna Ratcliff Ale, a 2006 aka tarar da kwalabenta a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, aka buɗe, aka samu tana shayuwa bayan shekara 137. Ɗayar kuma baƙa ce wuluk da ake yi da gasasshen tsiro, imperial stout, wadda gidajen giyar Landan ke aikawa Rasha ta teku tun ƙarshen ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Katarina. Har yau akwai masu riƙe da al'adar fitarwa sau ɗaya a shekara da lambar shekarar a jiki: gidan giyar J.W. Lees na Mancesta yana fitar da Harvest Ale mai kashi 11.5 tun 1986, Fuller's na Landan kuma Vintage Ale mai kimanin kashi 8.5 tun 1997. Masu saye kan ajiye ta shekaru, ɗacin yana raguwa, ɗanɗanon yana komawa kamar na dabino da busasshen inabi.

Amma in ana maganar ɓoye ƙarfi, Beljiyam ce uwa. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne manyan gwanayen a can ruhubanawa ne, Kiristocin da suka keɓe kansu a gidajen ibada na ɗariƙar Trappist. Ƙa'idarsu mutum ya ci da gumin hannunsa, sai wasu suka kama yin cuku, wasu giya. Tambarinsu yana da sharaɗi: a dafa a cikin harabar gidan ibada, ƙarƙashin kulawar ruhubanawa, ribar kuma ta tafi ga kula da gidan da ayyukan jinƙai. Cikin giyoyinsu, Chimay mai shuɗiyar takarda, kashi 9, a matsayin giyar Kirsimeti ta fara fitowa a 1948. Rochefort 10 tana da kashi 11.3, Westvleteren 12 kuma 10.2. Kula da wannan: lambar da ke cikin sunan ba ita ce kason barasa ba, tsohon ma'aunin kaurin ruwan zaƙi ne. Wanda bai sani ba zai ɗauka mai 12 ta fi mai 10 ƙarfi, alhali akasin haka ne.

Da yawa daga masu bin tarihin giya suna danganta wannan ɗabi'a ta Beljiyam da dokar Vandervelde ta 1919, wadda ta hana sayar da barasa mai zafi irin su wuski a mashaya, ba a kuma ɗage ta ba sai a shekarun 1980. Da aka rufe waccan ƙofa, masu giya suka cike gurbin. Dabararsu ita ce sukari. Giyar da aka ƙarfafa da tsiro zalla tana da nauyi a baki, tana cika ciki, ita da kanta tana gaya wa mai sha ya dakata. Su kuwa sai su zuba sukarin gwoza a tukunya, wanda yis ke cinyewa tas ba ya barin danƙo. Sai a samu abu mai kashi 9 ko 10 amma mara nauyi, mai kumfa, mai ƙamshin ayaba da kanumfari da yis ɗin kansa ke bayarwa. Akwai wata ruwan zinare, Duvel, kashi 8.5, wadda a ido ba ta da maraba da giyar kashi 5. Ma'anar sunan a harshensu shaiɗan. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi. A ta Kirsimeti kuma a kan ƙara kirfa ko ɓawon lemo ko zuma, sai ƙamshin kayan yaji ya ƙara rufe zafin barasar.

Akwai guda da sunanta ke ɓata mini rai, Delirium Tremens, mai hoton giwa ruwan hoda, tana da 'yar'uwa ta Kirsimeti mai kashi 10. Sunan na wata cuta ce da ke kama wanda jikinsa ya saba da barasa idan ya daina farat ɗaya: karkarwa, ruɗewa, gane-gane, wani lokaci farfaɗiya da mutuwa. Duk wanda ya taɓa ganin mutum a wannan hali a gadon asibiti ba zai ga abin ado a sunan ba.

Jamusawa da maƙwabtansu hanyarsu daban, ta sanyi ce da haƙuri. Ruhubanawan Paulaner na Munik tun ƙarni na 17 suke dafa mai kauri don kwanakin azuminsu, ita ce Salvator, shi ya sa har yau sunayen irinta ke ƙarewa da "ator". Wadda ta fi kowacce ɗaure kanta da kalanda ita ce Samichlaus. Rana ɗaya ake dafa ta a shekara, 6 ga Disamba, ranar waliyyi Nikolas, a ajiye ta wata goma a sanyi, a fitar da ita don Disamba mai zuwa da kashi 14. A Zurik ta Suwizalan aka faro ta, tun 2000 kuma gidan Schloss Eggenberg na Ostiriya ke yi.

Kalmar da ake ji yanzu, craft beer, wato giyar ƙananan masu sana'a masu cin gashin kansu, daga Amurka ta bazu. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 gidajen giya a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, kusan duka kuma abu ɗaya suke yi, fara mai sauƙi. Fritz Maytag ya sayi wani tsohon gida da ya kusa rufewa a San Faransisko a 1965, Anchor. A 1975 ya fitar da barley wine mai suna Old Foghorn, ya kuma fara giyar Kirsimeti da aka riƙa sauya mata haɗi da hoton bishiya kowace shekara. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafawa a gida, daga cikin masu gwaji a gareji kuma aka samu waɗanda suka buɗe masana'anta. Ken Grossman ya kafa gidan giyar Sierra Nevada a Kalifoniya a 1980, ya fitar da Celebration a 1981, sai Bigfoot mai kashi 9.6 a 1983. Yau gidajen giya a Amurka sun haura 9,000.

Ga ƙaramin mai sana'a, ƙarshen shekara lokacin nuna bajinta ne, kuma lokacin kuɗi. Ba zai iya gasar araha da manyan kamfanoni ba, amma zai iya yin abin da ba a samu sai sau ɗaya a shekara, ya sa masa farashin da ya ga dama. Abin da Amurkawa suka ƙara na kansu shi ne ganga. Dokar ƙasarsu ta ce wuskin bourbon sai a sabuwar gangar katakon oak da aka babbake cikinta, ke nan kowace ganga sau ɗaya take aiki, sai a rasa yadda za a yi da tsofaffin. A shekarun 1990 gidan Goose Island na Cikago ya zuba baƙar giya mai ƙarfi a irin waɗannan ganguna. Katako yana numfashi, da zafi ya buɗe ya sha ruwan, da sanyi ya matse ya mayar, a haka giyar ke ɗaukar ƙamshin gasasshen itace da ragowar wuskin da ya jiƙa shi. Bourbon County ke nan, mai kai kashi 14 da ɗoriya, ana fitar da ita washegarin bukin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, mutane na bin layi cikin sanyi tun asuba. Sai dai cin gashin kan bai daɗe ba. Babban kamfanin AB InBev ya saye Goose Island a 2011, Sapporo na Japan ya saye Anchor a 2017 ya kuma rufe shi a 2023. Takardar kwalba tana iya cewa ƙaramin gida, mai gidan kuwa ƙato ne.

Daga nan wasu suka mai da abin tseren lamba, kuma a ganina nan sana'ar ta bar hanya. Gidan giyar Samuel Adams na Boston ya lallaɓi yis har ya kai giyarsa Utopias kashi 30 a 2025, ba kumfa, kwalba sama da dala 200, jihohi 15 ba sa barin a sayar da ita. Waɗanda suka wuce nan daskarewa suka yi. Ruwa na daskarewa a sifiri, barasa sai wajen digiri 114 ƙasa da sifiri, don haka in ka daskarar da giya ka kwashe ƙanƙarar, abin da ya rage ya ƙara kauri. Tsohuwar dabara ce ta garin Kulmbach a Jamus, amma su sau ɗaya suke yi su tsaya wajen kashi 9 zuwa 12. Gidajen giyar BrewDog na Sikotilan da Schorschbräu na Jamus suka riƙa maimaitawa suna ƙure juna: 32 a 2009, 40, 41, 55 a 2010, har 57 da ɗoriya. Wuski kansa kashi 40 ne. Wannan ba haƙurin manomin Norwe ba ne, talla ce.

Mu ma ba baƙi ba ne a labarin. Guinness da ake sha a mashayar Dublin kashi 4.2 ce, wadda ake sayarwa a Najeriya kuwa 7.5. Asalinta mai ƙarfi ce mai ɗaci da aka yi don ta jure doguwar tafiyar jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu zafi, bakin mutane ya saba, aka ci gaba a haka. A Ikeja aka gina masana'antar Guinness ta farko a wajen Ailan da Birtaniya, farkon shekarun 1960. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma ga dawa, har yau kuma wani kaso na dawar da ake nomawa a Arewa can take tafiya, ga giya da lemon malt duka. Manomin da bai taɓa ɗanɗanawa ba yana cikin wannan kasuwa ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu ga lissafin da ya sa na zauna rubutun nan. A ninka yawan ruwan kwalba da kason barasa, sannan a ɗauki kusan huɗu bisa biyar na abin da aka samu don ya koma giram, tunda barasa ba ta kai ruwa nauyi ba. Ƙaramar kwalba mai mililita 330 a kashi 5 tana ɗauke da kimanin giram 13 na tsantsar barasa. Ita dai wannan kwalbar a kashi 12 tana da giram 31. Babbar kwalbar Kirsimeti mai mililita 750 a kashi 12 tana da giram 71, daidai da cikakkiyar kwalbar ruwan inabi, ko ƙananan kwalabe biyar da rabi na giyar yau da kullum. Hantar babban mutum kuwa abin da take iya sarrafawa a awa bai wuce giram 7 zuwa 10 ba. Kofi ba ya hanzarta ta, wanka da ruwan sanyi ba ya yi, barcin awa uku ba ya yi. Wanda ya shanye babbar kwalba da tsakar dare yana iya kama sitiyari da safe da saura a jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, a farkon 2023 kuma ta ce babu wani adadin sha da za a kira mara haɗari ga lafiya.

Su mutanen Beljiyam sun gaji abin tare da ladabinsa. Kowace giya da kofinta, mai faɗin baki, ba a cika shi, ba a sanyaya ta ƙarara don sanyi na ƙara ɓoye barasa, ana sha ne a hankali kan abinci. Baƙo kuwa kwalbar kawai yake gani. Wata shekara wani abokin aiki ɗan ƙasar ya gayyace mu gidansa a daren ƙarshen shekara, ni da wani abokina Kirista ɗan Filato da bai fi wata uku da zuwa ba. Ni aka ba ni ruwan tufa. Maigida ya kwance wayar babbar kwalba, ya zuba wa mutum huɗu, kowa bai kai rabin kofi ba. Abokina ya kurɓa ya waiwayo ya ce mini da Hausa, "Malam, wannan ai lemon malt ne, ko ɗaci babu." A gida ya saba da manyan kwalabe biyu ba ya ko gezau. Ana can ana hira a falo, ya ga wata kwalbar a kicin, ya riƙa komawa yana ƙarawa har ya ga ƙarshenta.

Bayan an ƙirga sakannin shiga sabuwar shekara muka nema muka rasa shi. Rigar sanyinsa na rataye a bakin ƙofa. Barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, sai mutum ya ji ɗumi yana bin jikinsa alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa waje, shi ya sa ake tsintar mashaya a sandare a titunan ƙasashen sanyi. Mun same shi a matsayar tarago, layi biyu daga gidan, zaune a benci da 'yar shat, kai a sunkuye, leɓe ya yi fari, yana cewa shi zafi yake ji a ƙyale shi ya huta. Ni da maigida muka ɗago shi kafaɗa-kafaɗa, matar gidan ta naɗe shi da bargo biyu, muka kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe in amai ya zo, na zauna kusa da shi ina duba numfashinsa har gari ya waye. Da ya farka, maigida ya ɗauko kwalbar daga kicin, ya juya ta, ya ɗora yatsa a kan lambar da ke ƙasan takarda ya nuna masa.